Dan Allah wa ya taɓa lura da inda tsoro da fushi suke fara kama shi a jiki?

Manomin Auyo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni kuma ina so wanda ya sani ya amsa min tsakani da Allah don abin ya daɗe yana cina a rai. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Auyo, shinkafa nake yi a fadama sai ɗan riɗi da gero a tudu. Tun ambaliyar 2022 da ruwa ya shanye mana gonaki ya kwantar da katangu, na lura da wani abu a jikina, duk sanda hadari ya haɗo daga gabas garin ya yi duhu iska ta fara kaɗawa, tun kafin in yi tunanin komai cikina ne yake fara murɗawa can ƙasan cibiya, bakina ya bushe ƙayau, tafin hannuna ya jiƙe, wani lokacin ma sai na zaga. Ruwan nan fa mu muke roƙonsa, amma jikina bai san da wannan ba.

Na biyu kuma akwai 'yar magana tsakanina da yayana a kan gonar gado, ba rigima ba ce ta azo a gani amma dai ba a gama ta ba. To da zarar na ga lambarsa a waya, wuyana ne yake sanƙarewa ta baya, in ji na cije haƙora, wani zafi ya taso daga ƙirji ya hau har kunnuwana, alhali mutumin nan wataƙila gaisuwa kawai ya kira mu yi. In mun gama wayar haka zan shiga gida da zafin, yara su ga fuskata kowa ya kama gabansa, kuma wallahi wannan ya fi komai yi min ciwo.

Na je kemis an ce olsa ce an ban magani, na sha, murɗawar tana nan in dai hadari ya taso, in gari ya yi wasai kuma lafiyata ƙalau ina cin tuwona har da yaji. Shi ne nake tambaya, shin da gaske ne kowane irin yanayi na zuciya yana da wurin da yake sauka a jiki? Kuma akwai yadda mutum zai koyi kama abin tun yana ƙarami kafin ya kai ga baki ko hannu? Ko kuwa ni kaɗai ne haka?

Malamin Islamiyya, Ringim:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Allah ya mayar muku da alherin abin da ruwa ya ci, mu ma nan Ringim mun ɗanɗana a shekarar, ba labari aka ba mu ba. Ba kai kaɗai ba ne, kuma abin da ka lura da shi ɗin nan alheri ne Allah ya yi maka, da yawa sai sun gama ɓarna suke gane ashe ransu a ɓace yake.

Addini bai ɓoye wannan ba ko kaɗan. Duba Suratul Ahzab aya ta 10, inda Allah yake ba da labarin ranar da rundunoni suka kewaye Madina, ya ce idanu suka karkata, zukata suka kai maƙogwaro. Sahabbai ne fa ake magana a kansu, mafi alherin al'umma, tsoro ya taso musu har wuya. A Suratul Hijri aya ta 97 Allah ya ce wa Annabi (SAW) mun san ƙirjinka yana ƙunci saboda abin da suke faɗa, sannan nan take ya ba shi abin yi, ya yi tasbihi ya kasance cikin masu sujada. Annabi Yaƙub (AS) kuwa idanunsa ne suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, yana nan a Suratu Yusuf aya ta 84.

Maganar fushi kuma, akwai hadisin Sulaiman bin Surad a Bukhari, mutum biyu suna zage-zage a gaban Annabi (SAW), ɗaya fuskarsa ta yi ja jijiyoyin wuyansa suka kumbura, sai Annabi ya ce ya san wata kalma da in mutumin ya faɗa abin da yake ji zai tafi, wato a'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Ka ga wuyan nan da kake cewa yana sanƙare maka, shi aka gani a jikin wancan mutumin. Sannan a Abu Dawud an ruwaito daga Abu Zarri cewa in ɗayanku ya yi fushi yana tsaye to ya zauna, in ya tafi shikenan in bai tafi ba ya kwanta. Abin da nake yawan nuna wa ɗalibaina shi ne, ba yadda za a yi ka yi aiki da hadisin nan sai in ka san cewa fushin ya zo tun kana da sauran ikon zama, wanda ya riga ya ɗaga hannu ai ya wuce wurin. To sanin nan daga jiki yake farawa. Shawarata in ka ga lambar Yaya kada ka ɗauka a tsaye, nemi gindin bishiya ko bakin tabarma ka zauna tukunna, ka saki haƙoran, ka yi ta'awwuzi, in ta katse kai ka kira shi. Zumunci ya fi gona, Allah ya daidaita tsakaninku.

Anti Nas:

Malam ya gama magana ta ɓangarensa, Allah ya ƙara ilimi. Ni bari in ɗan ƙara ta ɓangaren aikinmu, ina aiki a ƙaramin asibiti a karkara ta wajen Jahun kuma irin ƙorafinka ƙanina kusan kullum sai mun ji shi, ba wanda zai zo ya ce miki ina cikin damuwa, a'a, cewa za a yi kaina yana ɗaukar zafi, ko wani abu yana min yawo a jiki, ko ƙirjina ya riƙe, ko gabana yana yawan faɗuwa, sai kin zauna da mutum kin ja shi da hira sannan za ki ji ashe bashin taki ne ko miji ya tafi ci-rani ba aike.

Yadda abin yake, a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da take fitar da sinadarin adiranalin da kotisol. In ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ko da tunawa kawai ta yi da wani haɗarin da ya wuce, sai ta ba da umarni a sake su, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, jini ya ragu a hanji ya tafi cinyoyi da damatsa don a gudu ko a yi faɗa, yawu ya ƙafe, tafin hannu ya yi gumi. Wannan shi ne murɗawar cikin da bushewar bakin da kake ji. Kuma ɓangaren ƙwaƙwalwar da yake hango haɗarin ya fi tunani sauri, shi ya sa ka ce tun kafin ka yi tunanin komai, gaskiya ka faɗa. Jikinka ya haddace cewa duhun gabas da wannan iskar su suka zo kafin ruwa ya shigo gida, yana ƙoƙarin kare ka ne.

Tambayarka ta ko kowane yanayi da wurinsa, an yi bincike a kai. Wani masani a ƙasar Finlan, Lauri Nummenmaa, da abokan aikinsa sun fitar da sakamako a 2014, mutum wajen 700 daga Finlan da Suwidin da Taiwan aka ba su zanen jikin mutum a kwamfuta aka ce su shafa kala a inda suke jin motsi ya ƙaru ko ya ragu a kowane yanayi na zuciya. Fushi ya fito a ƙirji da kai da hannaye, tsoro da fargaba sun fi taruwa a ƙirji, ƙyama a maƙogwaro da ciki, baƙin ciki mai tsanani kuma hannu da ƙafa ne suke mutuwa, farin ciki shi ne ya game jiki gaba ɗaya. Amma dai kowa da nasa, wani tsoronsa a gwiwa yake wani a mara, don haka naka za ka koya ba na littafi ba.

Yadda nake koya wa mutane ba wuya. Kada ka jira sai abin ya zo, ka fara a lokacin da kake lafiya lau, misali bayan sallar asuba kafin ka tashi daga kan sallaya, ka bi jikinka da hankalinka daga tafin ƙafa, ƙwauri, gwiwa, ciki, ƙirji, kafaɗa, muƙamuƙi, goshi, ko'ina ka tambayi kanka nan a sake yake ko a ɗaure, da zafi ko da sanyi, da nauyi ko ba nauyi. Ba gyara za ka yi ba, dubawa kawai. In ka saba da yadda jikinka yake in yana zaune lafiya, ranar da ya canza nan da nan za ka gane. In abin ya zo kuma sai ka kira shi da sunansa a zuciyarka, ka ce wannan tsoro ne, ga shi nan a cikina. Kada ka raina wannan, a 2007 an yi gwaji a wata jami'a a Kalifoniya ta Amurka da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ga in mutum ya ambaci sunan yanayin da yake gani a fuskar wani a hoto, wurin da yake tayar da hankalin a ƙwaƙwalwa yana ɗan lafawa. Sai numfashi, ka ja ta hanci a hankali har cikinka ya taso, ka sake shi a hankali ya fi jan tsawo. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da huhu da hanji, ita ce take rage wa zuciya gudu, kuma lokacin fitar da numfashi aikinta ya fi ƙarfi. Ajiyar zuciyar da mutum yake yi ba da saninsa ba ma kusan aikin kenan.

Maganar olsa kuma, dan Allah a daina sha wa kowane ciwon ciki maganin olsa. Yawancin gyambon ciki na gaskiya wata ƙwayar cuta ce take kawo shi ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin wanda ake haɗa wa manoma a kemis in sun dawo daga gona, likitoci biyu 'yan Ostireliya da suka gano ƙwayar har kyautar Nobel aka ba su a 2005, kuma ana gwada ta a asibiti. Ciwon da yake zuwa da hadari ya tafi da hadari ka ci yaji lafiya, da wuya ya zama ita, amma ka je a duba ka a tabbatar.

Ɗan Kasuwar Gujungu:

Ni dai gaskiya ina ganin duk wannan zurfafawa ce. Iyayenmu sun ga yunwa sun ga fari sun ga ambaliya ba su zauna suna sauraron cikinsu ba, tawakkali suka yi suka ci gaba. Mutum in ya fiya sa ido a jikinsa ai sai ya jawo wa kansa waswasi, yau ƙirji gobe wuya, ƙarshe ya zama kullum yana hanyar asibiti. Malam Manomi ka riƙe azkar na safe da yamma ka bar wa Allah, namiji ai da haƙuri aka san shi. Ba faɗa nake ba, ra'ayina ne kawai.

Maman Biyu:

Yaya na Gujungu ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka. Iyayen namu da kake faɗa ni na zauna da su a tsakar gida na ga abin da haƙurin haɗiyewa yake yi musu. Kakata Allah ya ji ƙanta ba ta taɓa cewa ranta ya ɓaci ba, amma duk gidan mun san in ta ɗaure goshinta da ɗankwali tamau ta ce kanta ne yake sarawa to an yi mata wani abu, haka za ta wuni ba ta ci ba, a kawo mata jiƙo a kawo mata hayaƙi, abin da yake damunta kuwa yana nan ba wanda ya tambaya. Kuma tawakkali bai hana jin abu a jiki ba, Annabi (SAW) da ɗansa Ibrahim yake barin duniya ai hawaye ya zubar, ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ya ji, ya faɗi abin da yake ji, sannan ya tsare harshensa. Malam na Ringim yana nan in na yi kuskure ya gyara min.

Ni nawa a maƙogwaro yake zama. Gidan yawa nake aure ta wajen Gaya, mu da facaloli da uwar miji tukunya ɗaya, kun san dai zaman, magana ba ta ƙarewa. In aka yar min da magana a gaban mutane sai in ji wani abu ya tokare min a wuya ko yawu ba ya wucewa, idona ya yi zafi, hannuna ya fara rawa in ina riƙe da ludayi har sai ya ƙwanƙwasa bakin tukunya. To abin da na gane, kafin maƙogwaron akwai wanda yake riga shi zuwa, kafaɗuna ne suke ɗagewa sama su matse wuya, in na kama shi a nan to na tsira. Kamar dama kunu ne, kafin ya yi bori ya zube a murhu za ki ga kumfa ta fara taruwa a gefe-gefe, mai kula tana gani za ta janye itace ɗaya, wadda ta juya baya kuwa sai dai ta ji ƙauri.

Abin da nake yi in na ji kafaɗun sun hau, sai in ɗauki buta in zaga bayan ɗaki, ba wanda zai ce don me, in zuba ruwa a hannuna in tsaya in ji sanyinsa sosai, in wanke fuska, in sauke kafaɗun da gangan, in ce a raina an ɓata min rai kuma ya yi min zafi. Wani lokacin hawaye ya zo in bar shi ya zo. In na dawo maganar tana nan ba ta canza ba amma ni na canza, in ta amsawa ce in amsa da muryar da ba zan ji kunyarta gobe ba, in ta bari ce in bari, kuma ba irin barin da zai kwana yana cin ƙirjina ba. Yanzu har 'yata babba nake koya wa, in ta dawo daga makaranta fuska a murtuke ba na ce mata me ya faru, sai in ce a ina kike jinsa, ta nuna ciki ko ƙirji, daga nan labarin yake fitowa da kansa.

Amma Yaya akwai gaskiya a maganarka guda ɗaya, wanda ya mai da abin aikin yi yana ta laluben ciwo a jikinsa zai wahala. Dubawa ake a wuce, ba zama ake a kai ba.

Manomin Auyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Yaya na Gujungu don azkar ɗin ma ina buƙatar a tuna min. Maman Biyu maganar wanda yake riga zuwa ɗin nan ta shige ni, da na zauna na yi tunani ina ga nawa numfashi ne, ɗauke shi nake ina ganin lambar tun kafin wuyan ya sanƙare. Anti Nas tambaya ɗaya ta rage, na gwada bin jikin nan da hankali da daddare ana yayyafi a kan kwano, da na zo kan ƙirji sai na ji bugun zuciyar ya ƙaru har na ji kamar tsoron ma ƙaruwa yake, shin haka ake fara ji ko in dakata? Kuma ta yaya mutum zai bambance wanda na damuwa ne da wanda ciwo ne na gaske?

Anti Nas:

Yawwa ƙanina gara da ka tambaya. Yana faruwa, musamman ga wanda ya ga tashin hankali da idonsa irin na ambaliya ko haɗarin mota, in ya sa hankali a ƙirji a daidai lokacin da abin tsoron yake kusa sai abin ya ƙaru. In ka ji haka kada ka dage, buɗe idonka, ka mai da hankalin waje, ka taka ƙasa da tafin ƙafarka ka ji taurinta, ka taɓa bango, ka kalli abubuwan da suke ɗakin kana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya, ko ka tashi uwargida ku yi hira. Koyon kuma ka bar shi sai da safe gari a waye, ka fara da ƙafa da hannu, ƙirjin sai daga baya in ka saba.

Bambancewa kuwa ba a gida ake gama ta ba. Ka je a auna maka hawan jini, in yana kaiwa 140 bisa 90 ko sama a awo daban-daban to magana ce ta likita, kuma shi hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama ko kaɗan. A duba yawan jininka, don ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro da ciwon maƙoƙo duk suna sa faɗuwar gaba. Za ka iya ƙirga bugun da kanka, sa yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa ka duba agogon waya, babba in yana hutawa tsakanin 60 zuwa 100 ne a minti ɗaya. Ka lura da goro da shayi mai kauri da lemukan ƙarin kuzarin nan da samari suke sha lokacin girbi, su ma suna sa zuciya gudu da hana barci.

Waɗanda ba a jira da su kuma, ciwon ƙirji mai danna mutum da yake tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi da gumi da haki, suma, aman jini ko baƙin bayan gida, rama ba dalili. Mata masu jego dan Allah ku ji wannan, haki da kumburin ƙafa da kasa kwanciya sai an tokare da filo bayan haihuwa ba damuwa ba ce ba kuma iska ba ce, ciwon zuciya na bayan haihuwa yana da yawa a yankinmu, a tafi babban asibiti a ranar. Sannan in rashin barci da rashin jin daɗin komai suka wuce sati biyu, ko mafarkin ruwan yana ta dawowa, ko mutum ya fara jin gara ma ya mutu ya huta, to a nemi likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin Kazaure a nan Jigawa akwai na Dawanau a Kano, kuma ba sai wanda ya fita tsirara ake kaiwa can ba, masu irin damuwarka suna zuwa su ga likita su koma gida a ranar. Kai da kake Auyo fara da babban asibitin Haɗeja ya fi maka kusa, ka tafi da kwalin maganin da aka ba ka a kemis su gani, ka kuma gaya musu maganar hadarin da ta wayar yadda ka gaya mana nan, kada ka tsaya a kan ciwon ciki kawai.